Baba a Bayan Keken Abokina

Shekarun baya can, tun Turawa na ƙasar nan, ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin hakimi a Karaye, ciwon hoto ya kama ni. Ciwo na ce, don ban san wani sunan da zan ba shi ba. Wani Bayarabe mai hoto a Kano ne ya koya mini, da ya yi sababbin kaya kuma ya sallama mini tsohon akwatin ɗaukarsa da na'urar ƙara wa hoto girma. Ranar da na shigo da ita gida, mahaifiyata ta dubi dogon wuyanta ta ce wannan kuma wane irin zalɓe na kwaso mata. Shi ke nan suna ya bi ta.

To, Zalɓe da lantarki take aiki, mu kuwa lantarki sai dai labari a bakin matafiya. Dabarar da aka koya mini ita ce in cire gidan ƙwan fitilarta, in kwantar da ita, in manna ƙeyarta da wata 'yar kafa da na huda a bangon gabas, hasken rana ya maye gurbin ƙwai. Ɗakin da Inna ke ajiyar daddawa na ƙwace. Na huda wata kafar na toshe da jan ƙyalle ninki-ninki, don takardar hoto ba ta tsoron jan haske. Ruwan maganin wanke hoto kuwa a tasoshin Inna na zuba, ta ce in riƙe har abada, ko kare ba za ta ba abinci a ciki ba. Duk hoton da na wanke a ɗakin nan sai ya fito da ƙanshin daddawa.

Mahaifina baduku ne, kuma bai yarda da hoto ba ko kaɗan. Na yi magiya har na gaji. Amsarsa kullum ɗaya ce, wai fuskarsa Allah Ya san ta, matarsa ta san ta, ya isa. Amma mutum ne da ba ya iya kallon aikin ha'inci. Da ya ga ina cusa tsummokara a ƙofa don tare haske, sai ya yi tsaki ya zauna ya ɗinka mini labule na fata, yana ɗinki yana mitar ɗan da ya bar sana'ar gado ya koma wasa da inuwa.

Da kaka zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Kafin Inna ta fita takaba, yanar ido ta fara rufe mata gani, har ta kai mutum sai ya yi magana take shaida shi.

Wata rana ina duba tsofaffin fina-finan hotunan da na ɗauka a hasken rana, na ci karo da hoton abokina da sabon kekensa a kasuwar Rogo. Ya dafe sirdi yana ta washe baki. Can bayansa ga wani mutum zai gifta da ƙunshin fatu a kafaɗa, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. Baba ne. Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana, kafin la'asar na fesa wa Inna.

Sai ta ce, "Zalɓen naka zai iya fito da shi yadda zan gani? Ka dai san idon nan ba jirana zai yi ba."

Na bugi ƙirji na ce har gashin gemunsa sai ta ƙirga. Kai, ƙuruciya!

Washegari da hantsi, rana na dukan bangon gabas, na saki labulen fatar nan na shiga. Bazara ce, ɗaki a toshe, gumi har cikin idona. Na riƙa ja da takarda baya don siffar ta ƙara girma, har na kai ta bangon yamma. Abin da ban sani ba, wanda ya gifta yana tafiya ba ya tsaya wa hoto. Ina ƙara masa girma, fuskar na ƙara watsewa kamar an barbaɗa gari a faifai. Na ɓata takarda, na sake, na ɓata, har ya rage mini babba guda. Na sa ta a tasa ina kaɗawa ina addu'a. Jiki ya fito, ƙunshin fatu ya fito, fuska kuwa ba ido ba hanci, dusu-dusu kawai. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Na shirya in ce magani ne ya lalace. Ashe Inna na zaune a tabarma bakin labule tun shigata, ta kuma ji ƙarar ruwa ta tsaya.

"Miƙo."

"Inna, bai yi ba. Fuskar ta watse."

"Na ce ka miƙo."

Ta karɓe shi da jiƙonsa, ta matsa tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi, ta kai shi dab da hancinta. Ta yi ta bin sa da ido a hankali, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na ji ta ja dogon tsaki, irin wanda rabon da mu ji shi tun Baba na da rai.

Ta ɗora yatsa kan wani ɗan fari-fari a kafaɗarsa. Faci ne. Wata tsohuwar shuɗiyar riga ce da ta hana shi zuwa kasuwa da ita saboda tsufa, har ta ɓoye ta a ƙasan adaka. Duk ranar kasuwa da rigarsa mai kyau yake yi mata sallama.

"Ka ga mutumin nan ko? Ashe a zaure yake canzawa."

Ta fashe da dariya, dariyar ta zarce da kuka, ni ma na taya ta. Da muka lafa na ba ta haƙuri a kan fuskar. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Fuska kuma? Ai ya faɗa maka, na san ta."

Ba a yi damina biyu ba idon ya rufe gaba ɗaya. Hoton yana ƙarƙashin matashinta har ta koma ga Allah, gefen kafaɗar nan duk ya koɗe don shafa.

Zalɓe ta daɗe da zama tsatsa, ɗakin ma ruwa ya cinye shi. Yau yara da yatsa biyu suke ƙara wa hoto girma a waya, ba gumi ba daddawa, kuma ba na musu baƙin ciki. Na wanke hotuna masu kyau a rayuwata, na angwaye da na masu sarauta, amma wannan da na ɗauka ya lalace shi kaɗai na adana. Ina kewarsu ƙwarai, su biyun. Yanzu da nawa idon ya fara yana, in na fita da hoton rana na kai shi dab da hancina, Baba nake gani sak, yana sauri kada a kama shi da rigar. Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu zuwan.