Tabarmar Tukur Wanzami

Tukur ya fi shekara ashirin yana aski a kasuwar Ajingi, kuma ba iya riƙe aska ce ta yi masa suna ba, don mutum kan tashi da ɗan jini a ƙeya. Dokar rumfarsa ce ta sa aka san shi: wanda ke kan tabarma ana yi masa aski shi ke da magana, ya faɗi duk abin da ke ransa, ba mai katse shi. Zamanin siyasa 'yan jam'iyyu sun zazzagi juna a nan, kowa a layinsa, aka watse ba a fasa kan kowa ba. Tukur yana ji da wannan doka kamar ɗan cikinsa.

A shekarar farin 1973 Barau dillalin gyaɗa ya gano amfaninta. Duk ran kasuwa sai ya zo aski, kansa kuwa ƙwal kamar bayan ƙwarya. Maganarsa ɗaya: Inuwa maɗinki, dattijon baƙon nan da ya zo daga Gaya, yana ɗora hannu a ƙirji in zai yi salla, alhali mutanen garin sakin hannu suke, shi ya sa sama ta ƙi zubar da ruwa. Wai mai irin wannan salla bai kamata a ba shi wurin zama ba, balle a saurare shi. Tukur ba ya son maganar ko kaɗan, amma ya ci gaba da karta aska.

Inuwa ya zo da kansa don ya ba da amsa. Sai ya tarar mutanen Barau sun cika layi, kowa na maimaita abu guda. Da la'asar ya matso a hankali.

"Malam Tukur, a ba ni tabarmar nan ko na minti biyu."

"Akwai mutum a gabanka," in ji Tukur, bai ko ɗago kai ba.

Washegari aka rushe rumfar Inuwa. Ya ɗauki keken ɗinkinsa a ka ya kama hanyar Gaya a ƙasa, cikin tsakar rana. Kafin a kai ƙauyen Balan aka tsinci gawarsa. Ruwan ma bai sauko ba.

Tun daga nan Tukur ya sauya. Da hantsi yakan shimfiɗa tabarma, ya wasa aska, ya jiƙa hannu, ya sunkuya yana aske iska a hankali, yana gyaɗa kai kamar mai sauraro. Masu jiran layi sukan zuba masa ido. Wasu sun rantse in ya kaɗe tabarmar furfura ke zubowa, irin ta Inuwa.

Bayan wata biyu Barau ya dawo, gashi ya toho, ya tattare riga zai zauna a tabarmar da ba kowa. Tukur ya tare shi da hannu, idonsa na ƙasa.

"Akwai mutum a gabanka. Bai gama magana ba."