Ruwan Takin Malam

Yau shekara uku da rasuwar maigidana, har yanzu ban san da me yake gane cewa shuka ta ƙoshi ba. Da ido ne, ko da hannu? Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubuta muku, ina share hawaye.

Malam mai rainon dashe ne, tumatir da tattasai, a bayan gidanmu nan Gusau. Masu lambu daga Tsafe da Bungudu gare shi suke saye. Da can baƙar ƙasar fadama yake cika leda da ita. Ita wannan ƙasa tana riƙe abinci, sau ɗaya a mako ya ishe ta. Da aka ba mu jiha, sai aka yanka fadamar filaye, gini ya hau kanta. Malam bai yi ƙorafi ba, ya ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ya koma haɗa ɓuntun shinkafa da garin katako.

Ɓuntu kuwa rariya ne, abin da ka zuba ƙasa yake bi. Sai ya riƙa jiƙa kashin shanu a buhu cikin randa, ya tsarma ruwan, ya ba shukokin kaɗan da safe, kaɗan da yamma. Ni ina ɗaka, yana da lafiya ban taɓa tambaya ba. Wa ya san za a bar mini?

Shekarar farko bayan rasuwarsa na haɗa ruwan da kauri, irin yadda na ga yana yi wa ƙasar fadama, ganyen ya ƙone. Ta biyu na tsarma sosai, suka yi rawaya kamar masu shawara. Wani mutumin Kwatarkwashi ya duba, ya ce, "Inna, waɗanga ba na Malam ba ne." Bai sake zuwa ba.

Yanzu randar nan ta ɗaure ni. Ɗana na Tsafe ya ce in koma wurinsa. In na tafi wa zai ba shukokin ruwan taki? Da ƙanwata ta rasu a Bungudu ko kwana ban yi ba, gaisuwa kawai na yi na juyo. Da Malam zai leƙo yau, ban sani ba ko dariya zai yi mini, ko tausayi zan ba shi. Ba gona ya bari ba, ba shanu. Wannan aikin ne ya rage nasa, kuma a hannuna yake lalacewa.

Ranar da zazzaɓin ajalinsa ya kwantar da shi, na ce ya faɗa mini yadda ake haɗawa. Ya yi murmushi, ya ce, "Kulu, wanga abu ba a faɗinai da baki. Bari in samu sauƙi, gobe in nuna miki."