Darduma a Kan Kwamfuta

Shekarar da aka rage mu daga aiki, na kwashi ɗan abin sallamar da aka ba ni na sayi kwamfutar tebur, mai baƙin akwati da allo biyu. Na kafa ta a falonmu na Tarauni, na ce na zama ɗan kasuwar canji ta intanet. A baki sana'ar ba wuya: ka sayi kuɗin wata ƙasa, ka jira ya tashi, ka sayar. Amma dole idonka ya kasance a kan allo, don cikin minti biyar sai a yi maka sakiyar da ba ruwa. Tun da sassafe nake kunna ta, ba ta hutawa sai magariba.

Kasuwar takan ɗau zafi ne bayan azahar, lokacin da mutanen Amurka suka tashi daga barci. Saboda haka na daina zuwa masallaci azahar, Allah ya yafe mini. A nan gefen tebur nake sallata, in ninke darduma gida huɗu, in ɗora ta a kan akwatin kwamfutar. Mai kauri ce, mahaifina ya kawo mini tsaraba daga Makka, kuma a gidanmu ba a barin darduma a ƙasa ana tattakawa. Da yamma matata takan ɗauke ta ta kai ɗaki.

To daidai lokacin da ciniki ya kankama 'yar banzar kwamfutar take mutuwa. Fankar cikinta ta yi ta gurnani, allo ya daskare, sai ɗif! Kafin ta farfaɗo, cinikin da na buɗe ya juya mini baya. Yau haka, gobe haka. Da safe kuwa lafiya lau, kamar ba ita ba.

Babu abin da ban yi ba. Na sa an wanke ta an sake zuba mata manhaja. Na canja waya, na canja soket, na sayi sitabilaiza mai daidaita wuta. Sau biyu ina rungumar ta a cikin adaidaita sahu zuwa Gyadi-Gyadi, wurin wani mai gyara, Ibo ne haifaffen Kano, Hausarsa ta fi tawa daɗi. A shagonsa sai ta wuni tana aiki ko tari ba ta yi.

"Oga, lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Matsalar tana gidanka."

Na dawo gida ina neman mai laifi, sai idona ya sauka a kan firizar matata.

Ƙanƙara take sayarwa, da zoɓo da kunun aya. Matan layi da masu adaidaita da leburorin da ke gini a bayanmu, duk ita ce tasu. In faɗi gaskiya, firizar nan ce take ciyar da mu a lokacin. Na sani, ita ma ta san na sani, ba ta taɓa goranta mini ba. Wannan shirun nata ya fi ƙona mini rai fiye da gori.

Na ce mata firizarta ce take janye wuta, daga yau a riƙa kashe ta daga azahar zuwa magariba. Ta dube ni, ta dubi akwatin.

"Abban yara, ka taɓa abin nan kuwa ka ji? Zafi kamar murfin tukunya. Ni ko firizata ba na jingina ta da bango, sai na bar mata inda za ta sha iska. Da za ka ɗauke wannan..."

"Ke! Kwamfuta kike haɗawa da kunun aya? Me kika sani?"

Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri."

Aka riƙa kashe firiza a tsakiyar zafin Kano. Ƙanƙara ta koma ruwa, kunun aya ya yi tsami, masu saye suka koma gidan da ke kallon namu. Kwamfuta kuwa ba ta fasa halinta ba. Mai hankali da a nan ya tsaya. Ni kuwa cewa na yi ai ko a kashe take tana jone da layin wutar gidan. Wallahi har yau in na tuna wannan magana kunya nake ji.

Ranar da allon ya mutu ina tsakiyar cinikin da na ɗora wa dukkan burina, na fito tsakar gida ina zage-zage, na ce ko firiza ta bar gidan nan ko ni in bar shi. Ba ta yi musu ba. Ta kira mai kura, aka kwantar da firizar a gicciye aka ɗaure, aka nufi Daurawa gidan mahaifiyarta. Ta ɗauki mayafi ta bi bayanta, ta ce za ta je ta ga inda za a ajiye. Ba ta dawo ba ranar, ba ta dawo ba washegari.

Kwana uku bayan haka, gida ba firiza ba mata, na idar da azahar, na zauna. Kafin la'asar, ɗif.

Na kira mai gyaran na ce ya zo ya gani da idonsa, ko nawa ne. Ya iso, ya yi sallama, bai ko buɗe jakarsa ba. Ya tsaya yana kallon akwatin. Sai ya ce, cikin ladabi, "Oga, ɗan ɗaga mini wannan, ba na so in taɓa." Na ɗaga darduma. A ƙarƙashinta ga ramukan da iska mai zafi take fita, tun daga wannan gefe har wancan. Ya sa tafin hannu ya janye da sauri.

"Kai ma in an toshe maka hanci a wannan ranar, ai sumewa za ka yi."

Ya ƙi karɓar ko kwabo. Da ya karɓa da ya fi mini sauƙi.

Na je Daurawa da yamma, na durƙusa na gaida Hajiya surukata. Ga firizar can a zaure, an ɗora mata tabarmi. Ashe tun da aka sauke ta daga kura ba ta sake tashi ba. Wai mai gyaran firiji ya ce kashe-kunnan da aka riƙa yi da kwanciyar da ta sha a hanya sun gama da injinta. Na faɗa wa matata abin da aka gano a ƙarƙashin darduma, ban rage komai ba. Na so ta yi mini faɗa, ta ce ai ta gaya mini. Sai kawai ta ce, "To, Allah ya kyauta."

Hajiya ta sa baki, matata ta dawo ɗakinta. Kwamfutar ba ta ƙara mutuwa ba ko sau ɗaya, ga ta nan har yau, dardumar kuma tana rataye a ƙusa. Amma matar da take gaya mini gaskiya ko ban tambaya ba, a Daurawa na baro ta. Kwanan baya fankar silin ɗinmu ta soma wani ƙara, na ga ta ɗaga kai ta saurara, na san ta gane abin da ke damunta. Na ce, "Me kike gani?"

Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ta ce, "Me na sani?"