Tabar Maraɗi a Gonar Ƙuba

Abu uku ke tuna wa ɗan Adam asalinsa: harshe, kabari da ganyen taba. Biyun farko malamai sun gama bayani. Na ukun ni na sha wahalarsa.

Shekarun baya, ina koyar da yara a Madina, iƙamata, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa. Kafilina da zai sa hannu a sabunta ta, wani dattijo ɗan asalin Maraɗi mai gonar dabino a Ƙuba, kullum amsarsa "bukra, insha Allahu," goben da ba ta zuwa. Na kasa zaune na kasa tsaye. Ko motar shara ta tsaya a ƙofa sai in ɗauka 'yan sanda ne.

Rannan ya ce, "Ya ustaz, kai da ka cinye littattafai, naɗo mini tabar garinmu, irin ta manya, ganye zalla ba takarda. In ta yi, shi ke nan, na sa hannu."

Na san aikin sarai, a littafi. A shanya ganye a inuwa, a tara shi a rufe ya yi gumi har ɗacinsa ya kwanta, a zare jijiya, a dunƙule na ciki, a ɗaure da wani, a lulluɓe da mafi laushi. Na sayo ganye a unguwar Anbariyya, nan cikin Madina, a zatona taba taba ce.

Zuƙa ɗaya ya yi. "Ta Yaman ce wannan. Ƙasar dutse, ji yadda take yakushin maƙogwaro. Tamu ta fadama ce, yaro, da sallama take shiga."

Lokacin alhazai ne, sai na bi masauki masauki. Kowa na neman zamzam da dabino, ni ina raɗa, "Akwai mai taba?" Wata hajiya ta ce, "Malam, a garin Manzo? Da gemunka?" Daga ƙarshe wani tsoho Bamaraɗe ya zaro mini ganye daga ƙasan jakarsa, yana waige-waige.

Abin da na naɗa ya fi kama da ƙafar akuya. Dattijo ya kunna a bayan dabino, ya yi ta zuƙa har na fara tunanin jirgin komawa gida.

"Ita ce," ya ce, idonsa ya kawo ruwa. "Ƙasa bayan ruwan fari. Haka rigar Baba take ƙamshi."

Washegari ya sa hannu.

Har yau in ana musun ko ƙasa na bin ganye, shi nake kafa hujja da shi, domin ban ga harshen da ya san fadamar Maraɗi kamar nasa ba. A Anbariyya aka haife shi. Iyakar tafiyarsa Jidda.