Lambar Dakta Sharnubi

Shekara talatin da huɗu Dakta Wajdi Sharnubi ya yi yana auna abu ɗaya: yawan gishirin da ruwan tafkin Karun ke iya narkarwa a kowane mataki na zafi. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Ba a shan shayi a ɗakin gwajinsa, kuma kwalbar da wani ya wanke sai ya sake wanke ta da hannunsa. Jadawalin da ya fitar tun yana da baƙin gashi ya shiga littattafai, masana har na ƙetare suna kafa hujja da shi, ɗalibansa goma sha ɗaya sun zama farfesoshi. A Alƙahira in aka ce lambar Sharnubi ce, gardama ta ƙare.

Saura wata biyu ya yi ritaya, yana kwashe kayan ofis, sai ya ci karo da tsohon ma'aunin zafinsa. Da yake bin diddigi a jininsa yake, ya gwada shi da sabo. Tsohon ya ɗara da rabin mataki. Ya maimaita awon gishirin da sabon ma'auni, lamba ta fito daban. Sau shida yana sakewa, har matarsa Ihsan ta bugo waya tana mitar wake ya huce. Ashe jadawalin nan a karkace yake tun ranar farko.

Ba ma'aunin ne ya fi ƙona masa rai ba. Mutum goma sha ɗaya sun yi wannan awo da ma'aunai sababbi fil, kowa kuma ya kawo masa lambarsa cif, ba ƙari ba ragi. Ta ina?

Ya aika a kira babbansu, Farfesa Midhat, shugaban sashe na yanzu. Midhat ya shigo yana tura tumbi, ya sumbaci kan malaminsa, ya shiga kame-kame kan walimar ritaya da wanda zai yi jawabi. Da Dakta ya ajiye masa sabuwar lambar ya tsare shi da ido, sai ya sunkuyar da kai.

"Malam, ai dukkanmu daban muke samu. Sai mu ce hannunmu ne bai faɗa ba. Wa zai shigo maka da lambar da ba taka ba?"

"Sai kuka yi yaya?"

"Sai mu yi ta maimaitawa, ranar da ta matso kusa mu rubuta taka."

Wai ladabi ke nan. Gardawa goma sha ɗaya, kowa da digirinsa, sun shekara talatin suna yi wa ƙarya biyayya. Midhat har da roƙon a rufa asiri, wai rabin mataki bai taɓa kashe kowa ba, kuma nasa binciken ma a kan lambar ya hau. In ma dole ne, a bari a ci walima tukuna. Dakta ya nuna masa ƙofa.

Yana zaune yana huci sai ya tuna akwai wadda ta taɓa shigo masa da lambar da ba tasa ba. Afaf Tadrus sunanta, wata ɗaliba marar yawan magana. Sau uku tana kawo abu ɗaya, sau uku yana rubuta mata "a sake" da jan biro. A na ukun ya ce mata a gaban jama'a ba kowane hannu aka yi don awo ba. Ba ta sake dawowa ba.

Ya bi sawu har ya same ta a wata makarantar 'yan mata a Fayyum, furfura ta fito mata, hannunta duk alli. A tsaye a baranda ya gaya mata komai, bai rage ba, ya ce zai buga gyara da sunanta a gaban nasa. Kunya ta hana shi kallon fuskarta.

"Talatin da ɗaya da ɗigo bakwai," in ji ta.

Ita ce lambar da ya samu sau shida. Ya tambaye ta yadda aka yi ba ta manta ba.

"Ina zan manta, Malam? Shekara ashirin da shida ina koyar da sinadarai a allo. Ban taɓa yi wa yaran nan gwaji da hannuna ba, na ɗauka ban iya ba."

Aka kaɗa ƙararrawa, ta ce masa tana da aji.