Alkasum, Mai Sanin Muryar Lasifika

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Maris na 1978, ina wurin aiki a Malbaza, wani direban motar kasuwa ya aiko aka kira ni bakin ƙofa. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, "Mahamudu, sai haƙuri. Alkasum Ɗan'azumi na Konni ya rasu." Na tuna na zauna a ƙasa. Abin da ya faɗa bayan wannan, har yau ban san shi ba.

Alkasum, mutane sun san ka da gyaran rediyo a rumfarka ta bayan tasha, sun kuma san ka da kaɗa gita a ƙungiyar samarin Konni. Ni da nake riƙe da gitar ƙungiyar Malbaza, abokin hamayya na ɗauke ka tun kafin in gan ka. Haɗuwarmu ta farko ma sai da na yi fushi da kai. Na sayo ampili a Sakkwato, akwatin nan da ke ɗaga sautin gita, da tambarin Ingila a gabansa, na kawo maka don ka yaba. Ka ce in kaɗa. Na kaɗa, ka sunkuyar da kai, ka ce, "Akwatin dai na Ingila ne. Amma wadda ke magana ciki, daga Japan ta hito." Na ce ƙyashi ne. Ba ka yi musu ba, ka miƙo mini abin kwance ƙusa. Da na buɗe bayan akwatin, sai ga rubutun Japan a jikin maganaɗisun lasifikar. Na so in jefar da ita a kwata. Ka riƙe hannuna ka ce, "Mi ta yi maka? Muryatta siririya ce, ta dace da kiɗinka mai sauri. Kai dai an yi maka ƙarya, ita ba ta yi ba."

Tun daga ranar na zama ɗan rumfarka duk Laraba, ranar kasuwa. A wurinka na koyi cewa lasifikar Ingila murya gare ta mai kauri da ɗan gurnani, ta Amurka garau take kamar ƙararrawa, ta Jamus kuwa ba ta ƙari ba ta ragi. Fatake kan kawo maka kaya daga ƙetaren iyaka ka duba musu. Kana ƙwanƙwasa takardar da ke fuskar lasifika da ɗan yatsa, ka kanga kunne, ka faɗi gaskiyarta ko mai kayan ɗan'uwanka ne. Wasu sun daina gaishe ka saboda haka. Ba ka taɓa sauyawa ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne gasar makon matasa a Tawa. Da la'asar, ana shirin kiran Malbaza, na gwada gitata sai na ji takardar lasifikata ta yage, sautin ya koma kamar kukan tsohon zakara. Yaranmu suka yi cirko-cirko, har wani ya fara naɗe kayansa. Sai ga ka da taka, wadda ka yi tattaki har Kano ka zaɓo, wadda ko ƙura ba ka bari wani ya share mata. Ka durƙusa ka kwance ta daga akwatinka kana ɗaura ta a nawa. Mati, mai gangar ƙungiyarku, ya ce, "Alkasum, kanka ɗaya? Su ne hwa muka zo kayarwa!" Ka ce masa, "In mun kada su don takardassu ta yage, mi muka ci?" Muka hau, muka yi kiɗin da ba mu taɓa yin irinsa ba, aka ba mu na ɗaya, ku kuka zo bayanmu. Kai ne farkon wanda ya rungume ni, idonka cike da ƙwalla. Na ɗauka baƙin ciki ne. Sai ka ce, "Mahamudu, ashe haka take daga nesa! Kullum gabanta nike tsaye. Ban taɓa jin ta daga cikin jama'a ba sai yau."

Bazarar da ta biyo baya sanƙarau ya kwantar da kai. Ka tashi da rai, amma kunnuwanka duka biyu sun tafi. Ka rufe rumfa, ka daina fitowa ko zaure. Matarka Salamatu ce ta hau mota ta same ni har Malbaza, ta ce, "Yaya Mahamudu, ka zo ka ga amininka. Abinci ma sai na yi da gaske." Na ɗauki gita da ampili na taho, ban san me zan yi da su a gaban kurma ba. Na zauna a tsakar gidanku na fara kaɗawa, kana kallon bango. Can sai ka matso, ka ɗora tafin hannunka a kan akwatin, daga baya ka jingina ƙirjinka da shi. Ka daɗe a haka. Sannan ka ɗago, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa, ka ce, "Wagga ba taka ba ce. Aro ka yi, kuma ta Jamus ce." Gaskiya ka faɗa. Ka yi dariya, dariyar ta juye kuka, Salamatu ta ruga ɗaki.

Ka sake buɗe rumfa. Da yatsu kake saurare yanzu, wani lokaci ka cije ɗan kara ka jingina shi da akwati. Gita kuwa ba ka ƙara ɗaukarta ba, kuma ban taɓa tambayar ka dalili ba.

Ranar da ajali ya zo, mutanen Tsarnawa ne suka roƙe ka ka duba musu lasifikar masallacinsu. Ka gyara, ka tsaya har ladan ya kira azahar, hannunka a jikin sandar da aka ɗaura ta a kai, ka gyaɗa kai. A hanyar dawowa kana kan keke, babbar mota ta taho ta bayanka. Waɗanda suka gani sun ce direban ya yi ta danna oda. Shi ya ɗauko ka da hannunsa, yana kuka yana tambaya me ya sa ba ka kauce ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Inna Asma'u, da Salamatu da ta yi jinyarka ba ƙorafi, da ɗiyarka Tsahara da ƙanenta Isufu, da Mati da sauran samarin Konni. Allah Ya ba ku haƙurin da ni kaina nake nema. Ya raya yaran nan, Ya sa su gaji gaskiyar ubansu. Ya sanyaya zuciyar direban babbar motar nan, don shi ma abin tausayi ne.

Alkasum, Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah Ya mayar maka da jinka a Aljanna, Ya jiyar da kai abin da kunne bai taɓa ji ba. Amin.

Mahamudu Takama
Malbaza