Egbert Roelink, Aminin Karnukan Ruwa

A garin Oldeveer, in ka ji an ce "Kyaftin" ana taɓe baki, Egbert Roelink ake nufi. Bai taɓa tuƙa jirgin da ya wuce kwanar majami'a ba, amma farar hular kyaftin ba ta barin kansa ko a wurin jana'iza. A cikin jirgin dakon tsakuwa aka haife shi, a tsakiyar kogin IJssel, sai ya taso da ƙyamar duk abin da ke warin man dizal. Yana zama saurayi ya tsere birni. Ya sayar da katifu, ya sayar da tsofaffin motoci, ya yi aure ya rabu. Bai waiwayi gida ba sai da tsohonsu ya rasu, ya dawo da tumbi da bakin ciniki aka raba gado. Yayarsa Aaltje ta ɗauki jirgin fito, mai tsallakar da 'yan kekuna da taraktocin manoma. Shi ya ɗauki 'yar tashar da ke gefe, inda masunta ke ɗaure kwale-kwalensu.

Aikinsa na fari shi ne sallamar masuntan, wai ƙarninsu na korar baƙi. Ya cika wurin da fararen jiragen shaƙatawa na mutanen birni, masu zuwa ranar Asabar su sha giya a kan jirgi ba tare da sun kwance igiya ba. Kasuwa ta buɗe masa, tashar ta yi masa kaɗan. Sai idonsa ya faɗa kan abu biyu: tsakiyar kogi, inda yake son miƙa gadojin katako na ɗaure jirage, da fadamar kacalar da ke bayan tashar, wadda yake son haƙewa ta zama tafkin ajiye jirage. Matsalar ita ce a cikin kacalar nan karnukan ruwa suka dawo suka tare, bayan an yi shekara da shekaru ba a ganinsu a yankin.

Egbert bai yi faɗa da kowa ba. Sai ya wayi gari ya fi kowa ƙaunar dabbar. Ya sauya wa tashar suna, ta koma Gidan Karen Ruwa, ya sa aka zana shi a allo yana murmushi da hular kyaftin.

Hukumar kogi ta kira taro a zauren gari, aka zuba kofi da biskit. Masu kallon tsuntsaye suka zo da tabaraunsu na hangen nesa rataye a wuya, sai ka ce zalɓe zai shigo zauren. Egbert ya miƙe ya yi bayani har muryarsa na rawa. Ya ce tun yana yaro yake zama a gaɓa yana kallon waɗannan bayin Allah, kuma tafkin da zai haƙa zai zame musu aljanna.

Aaltje ba ta jira an ba ta dama ba. Mace ce da bakinta ya raba ta da rabin gari, ragowar rabin kuma tsoronta suke ji. Ta ce jirginta a kan waya yake tafiya, ba ya kaucewa, in gadojin nan suka tare mata kwana ba za ta hango jirgin dako ba sai yana kanta. Sannan ta juya wajen ƙanenta.

"Auta, kai da ko karen tudu ya yi haushi sai ka haye bayana? Yaushe ka san na ruwa?"

"Yaya, nan ba gida ba ne."

"Da gida ne da tuni na cire maka hular nan."

Hukuma ta ɗauki shekara tana nazari, ta fito da hukuncin da bai gamsar da kowa ba. Gadoji kada su wuce layin da za a shata a kan ruwa. Rabin kacalar a haƙe, rabi a bari, kuma ba a taɓa ta lokacin da tsuntsaye ke kwanci. Ta ɓangaren kogi Egbert ya bi doka sau da ƙafa, domin jirgin 'yan sandan ruwa na wucewa kullum. Ta baya kuwa, inda ba ido, motar haƙa ta cinye kacalar ƙarƙaf. Ya ce direban ne bai fahimce shi ba. Aka ci shi tara, ya biya yana fara'a kamar mai ba da tukuici, ya buɗe sabon tafki da 'yan badujala da ɗanyen kifi da albasa. Karnukan ruwa dai ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu, sai na jikin allo.

Da sanyi ya shigo kogi ya cika, kamar yadda ya saba. Gaɓar da saiwar kacala ke riƙewa ta zube, laka ta kwararo cikin tafkin. Ruwa na janyewa manyan jiragen suka zauna a taɓo, kowanne ya karkace gefe guda. Masu su suka zo da fararen takalma, suka koma da baƙaƙe. Kafin bazara duk an janye jiragen da igiya, an kai su wata tasha can ƙasan kogi.

Egbert ya nemi izinin yashe tafkin. Hukuma ta sake shiga nazari, kuma wannan karon jinkirinta ya yi rana, don kafin ta gama kacala ta tsiro a kan lakar, wata karyar ruwa ta tare a ƙarƙashin gadarsa mafi tsada, ta haihu. Doka ta hana a taɓa wurin. An ce ranar da labari ya same shi ya daɗe a tsaye a bakin tafkin yana zaginta, ita kuma tana kwance tana cin kifi.

Mako bai zagayo ba ya jera kujeru a kan gadar, ya fara sayar da kofi da wainar tuffa ga masu tabarau. Yanzu in baƙo ya zauna, sai ya dafa kafaɗarsa ya gaya masa cewa da gangan ya bar tafkin ya cike, mutanen gari ne ba su da hangen nesa. Ƙungiyar masu kallon tsuntsaye, waɗanda suka yi ta tsine masa a zaure, sun ba shi lambar yabo.

A bana ya kai ƙara gaban hukuma, cewa ƙarar injin jirgin fito na firgita 'ya'yan dabbar, a rage masa zirga-zirga. Aaltje ta ji labari a shagon burodi. Ta je har kan gadar, ta ja kujera, ta ci wainarsa yanka biyu ba ta biya ba, ta tashi ta koma bakin aikinta. Hukuma kuwa ta kafa kwamiti.